Sa Hannun Farfesa

Duk ƙasar nan babu wanda ya san sirrin kuɗi kamar dattijon da ke tsaye a tagar ofishin fansho. Shi da kansa ya sanar da mutanen layi, har sau biyu.

Ma'aikaciyar da ke bayan tagar tana duba fayil ɗinsa: shekara talatin yana koyar da hawa da saukar darajar kuɗi. Kwat ɗinsa kuwa saukar kawai ta sani. Yau ake rufe tantancewa, wanda takardarsa ba ta shiga ba sai baɗi.

Ta miƙo masa takardar da zai sa wa hannu, ya ƙi karɓar bironta. Ya zaro alƙalaminsa, ya gyara tsayuwa, ya zana wani sa hannu mai tozo da wutsiya. Ta raya a ranta, tun yana saurayi yake gwada wannan abu a bayan takardun ɗalibai, yana jiran a naɗa shi gwamnan babban banki, a buga sa hannun a jikin kuɗi.

"Baba, cikin ɗan akwatin nan aka ce. Ka haura har kan hotonka."

"'Yata, kin san ministoci nawa hannun nan ya yi wa gyara?"

"Allah ya ƙara basira, Farfesa. Na'ura dai ba ta karanta abin da ya fita layi."

Ya sake a sabuwar takarda, wutsiyar ta sake fita. Saura takarda ɗaya. Ta turo masa tawada, ya dangwala babban yatsa, kamar yadda tsohon masinjan sashensu a jami'a, wanda ke gabansa a layi, ya yi kafin shi. Nan take na'ura ta karɓa.