Guɗar da Ta Kai Bakin Titi

Ko da tsufa zai kai ni inda zan manta wurin da na ajiye carbina, in riƙa kiran jikokina da sunan juna, akwai rana guda da ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da aka fitar da jikar aminiyata zuwa gidan mijinta a nan Agege, bayan annobar korona ta lafa. Amma ba za ku ji nauyin ranar ba sai na koma da ku baya.

Ni da aminiyar nan tawa mun zo Ikko ne muna da ƙuruciyarmu, ni daga Kano, ita daga Zariya. Mazajenmu duka mahauta ne, kuma duka sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Gidan haya ɗaya muka tsufa a ciki, irin gidan nan mai dogon lungu a tsakiya, ɗakuna na kallon juna, famfo a rabin hanya, ƙofar fita can a ƙarshe. Da yake ita Bazazzagiya ce ni Bakanuwa, wasa ne tsakaninmu tun ran farko. Ba ta kirana sai da "baiwata", ni ma da shi nake rama mata.

Abin da Allah ya ba matar nan shi ne guɗa. A unguwarmu, idan za a fitar da amarya, maguɗiya takan tsaya a bayanta, ta kama hanci, ta ɗauki guɗa tun daga ƙofar ɗaki, ba za ta yanke ba sai ƙafar amarya ta taka bakin titi. Numfashi ɗaya ake so. Ba addini ba ne, ba kuma wanda ya ce aure zai lalace in guɗa ta tsinke a hanya. Amma mata suna saurare, kuma mata ba sa mantuwa. Ni ma ina taɓawa, sai dai nakan isa ƙofa ne idona na ganin duhu. Ita kuwa takan isa, ta ƙara da ragowa, har direbobin danfo, motocin hayar nan na Ikko, su leƙo ta taga.

Tana da jika mace da ta rena tun tana tsumma, don uwar yarinyar ta rasu wajen haihuwarta. Tun yarinyar ba ta san ma'anar magana ba take ce mata, "Ranar taki, guɗar da zan yi sai an ji ta a Mushin." Mushin kuwa unguwa ce mai nisa da tamu.

Ana nan ana nan, ciwon ya shigo. Aka rufe masallatai, aka rufe kasuwa, layin dogo ya yi tsit. Da aka buɗe gari, bayan wani lokaci, sai aka ce an kawo allurar rigakafi asibitin unguwa, kuma tsofaffi ake so su fara zuwa. Nan fa magana ta yi yawa. Wannan ya ce duk wanda ya karɓa ba zai daɗe ba, wancan ya ce cokali na mannewa a inda aka soka. Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin kwalbar ba. Abin da na sani shi ne na binne ɗa saboda ƙyanda kafin a fara yi wa yara allura a inda muke, kuma ƙannensa da aka yi wa duk sun girma. Na ɗaura mayafina na tafi.

Da na dawo, hannuna ya yi nauyi, jikina ya yi zafi, na kwanta. Sai ga aminiyata ta shigo da cokalin shayi ta ɗora min a dantse. Cokali ya faɗo ƙasa.

Ta ce, "Bai kama ba tukuna. Baiwata, tun kina da baki ki faɗa min wa za ki bar wa babbar tukunyarki."

Na ce, "Ke zan bar wa, ki riƙa wanke min ita kamar yadda kika saba. Ki tashi mu je gobe, ni zan raka ki."

Ta ce, "Ni da na sha tazargade tun ina goye? Ku dai Kanawa, ko guba aka ce kyauta ce sai kun yi layi."

Muka yi dariya. Da na san abin da ke tafe, da na ja ta ko da tana zagina.

Da damina ta zagayo, ciwon ya shigo gidanmu, ya bi ɗaki ɗaki. Ya kama ni, ya kama ta, kusan tare. Nawa ya zo kamar mura mai taurin kai: zazzaɓi, tari, abinci ba ɗanɗano. Ban yi nisa a kwance ba na miƙe na kama tsintsiya. Nata kuwa ya sauka a ƙirji. Ina daga ɗakina ina jin numfashinta kamar ana jan zarto. Da rana tsaka aka fitar da ita a keke mai ƙafa uku, kanta a kafaɗar jikarta, aka kai ta asibiti aka sa mata robar iska a hanci. Ta daɗe a can. Da aka sallamo ta, lungun nan da take ratsawa da guɗa sai da ta tsaya ta dafa famfo ta huta kafin ta kai ɗakinta.

Daga baya, da aka koma taruwa wajen suna da biki, mu tsofaffin unguwa mukan zauna tabarma ɗaya, kuma hirar ba ta wuce jiki. Kowa na faɗin abin da ciwon ya bar mata. A nan na fara lura da abin da ba wanda ya shirya shi. Mu da muka karɓi allura, yawancinmu mun koma harkokinmu, mai zuwa kasuwa na zuwa, mai hawa gadar tsallake titi na hawa, muna cin tuwo muna jin daɗinsa. Cikin waɗanda suka ƙi, akwai wadda ta koma salla a zaune, akwai wadda har yau ba ta jin ƙanshin daddawa, akwai kuma wadda wurinta a tabarmar ya zama fili. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin bai rabu tsaf kamar an yanka da wuƙa ba. Mai furar bakin masallaci ba ta karɓa ba, kuma ko atishawa ba ta yi ba. Wata kuma ta karɓa tare da ni, amma har yanzu gajiya ba ta sake ta ba. Sai dai in ka dubi tabarmar gaba ɗaya, ido ma ya ishe ka ka ga ɓangaren da ciwon ya fi taka wa wuya.

To, sai bikin 'yar maƙwabta ya taso, aka zo aka gayyaci aminiyata kamar yadda aka saba. Na ce ta bar min. Ta harare ni. Ta tsaya bayan amarya, ta kama hanci, ta ɗauka. Muryar ta tashi kamar da, har tsigar jikina ta tashi. Ana isa famfo sai ta tsinke, tari ya sarƙe ta, ta durƙushe a gaban mutane. Amarya ta ƙarasa ƙofa cikin shiru.

Tun daga ranar ta shige ɗaki. Ba suna, ba biki, ba zaman tabarma. Abincin ma sai an yi da gaske. A cikin wannan hali ne aka sa ranar jikarta da wani yaron kirki mai sayar da fata, wanda yarinyar ta kawo da kanta. Dangi suka zo shawara, ina zaune. Wani ɗanta ya ce, da kyakkyawar niyya, "Inna, kada ki wahalar da kanki. Akwai guɗarki ta wani tsohon biki a wayata. Sai a haɗa da lasifika, ba wanda zai gane."

Ya kunna. Muryarta ta da ta cika ɗakin, doguwa, ba gargada. Ta saurara har ta ƙare. Sannan ta ce a hankali, "Ina raye za a sa muryata kamar ta wadda ta mutu?"

 Da suka watse na matsa kusa da ita na ce, "Baiwata, tashi. Aiki ya same ki."

Ta ce, "Ki ƙyale ni. Ke kin tsira, ki je ki ji daɗinki."

Na ce, "In na ƙyale ki wa zan riƙa zagi?"

Washegari na kai ta asibitin unguwa, wurin wata nas Bayarbiya mai jin Hausa, wadda ita ta yi min allura. Ta sa abin aunawa a ƙirjinta, ta saurara, ta ce, "Mama, huhunki ya sha wuya, amma bai mutu ba. Yana son a koya masa aiki kaɗan kaɗan." Ta nuna mata yadda za ta ja iska ta hanci ta sake ta baki a hankali, ta ce ta riƙa tafiya kullum, in ta gaji ta huta, kada ta yi gardama da jikinta. Ta kuma ce allura ba za ta mayar da abin da ya riga ya wuce ba, amma za ta taimaka in ciwon ya sake dawowa. Aminiyata ta dube ni, ta dubi nas, ta zame mayafi daga kafaɗa, ta miƙa dantse a yi mata allurar.

Na ce, "In kawo cokali?"

Ta ce, "Ki kawo, in buga miki a ka."

Daga nan muka shiga. Kullum bayan rana ta ɗaga, mukan fita mu bi gefen layin dogo. Da farko iyakarta wurin masu burodi, ta zauna a benci tana haki. Kwanci tashi ta wuce su, ta kai wurin masu nama, ta kai gindin gada, wata rana ta hau gadar tana zagina a kowace matakala. In mun dawo, sai in zuba ruwa a kwano in ba ta tsinken shan lemo ta riƙa hurawa, ruwa na ɓulɓula, yaran gida na dariya wai Inna ta koma jaririya. Guɗar kuwa a cikin filo take gwada ta, don kada maƙwabta su ji inda take tsinkewa. Akwai ranakun da jikin yakan ƙi, ta kwana biyu ba ta fita ba, in zauna a bakin gadonta muna tsinke zogale. Ni da na yi ciwo iri ɗaya da ita, ina kallon yadda take sayen kowane numfashi da wahala, alhali nawa na shiga yana fita ban ma san da shi ba.

Ana gobe kai amarya na ce mata, "Zan tsaya a bayanki. In kin ji za ta tsinke, ki taɓa ni, in ɗora tawa a kai. Ba mai gane inda taki ta ƙare."

Ta ce, "In na faɗi ki ɗauke ni. Amma guɗata kada ki ɗauka. Ni na yi wa yarinyar nan alkawari, ba Bakanuwa ba."

Ranar ta zo. Bayan la'asar lungun ya cika maƙil, matan unguwa, dangin ango, har maƙwabtanmu Yarbawa. Duk wadda ta ga abin da ya faru a wancan bikin tana nan, kuma kowa ya kasa kunne. Aka fito da amarya a lulluɓe tana kuka. Kakarta ta tsaya a bayanta, ta yi bisimilla, ta ja iska ta hanci a hankali yadda aka koya mata, ta kama hanci, ta ɗauka.

Muryar ba ta kai ta da kauri ba. Siririya ce, amma a miƙe take. Muka wuce ɗaki na farko, muka wuce na gaba. Da muka doshi famfo sai na ji ta fara rawa. Ban san lokacin da hannuna ya tafi hancina ba, na cika ƙirjina da iska. Ba ta ko waiwayo ba, ta miƙo hannun hagu ta baya ta damƙe wuyan hannuna ta sauke shi ƙasa. Ta riƙe ni gam, muka wuce famfo a haka. Muryar ta daidaita, ta ƙara tashi. Ina ganin jijiyar wuyanta, ina ganin hasken ƙofa na matsowa. Ƙafar amarya ta taka bakin titi guɗar na nan ba ta yanke ba, har sai da aka buɗe ƙofar mota sannan ta sake ta da kanta.

Sai lungun ya ɗauka gaba ɗaya. Duk mai hanci ta kama nata, har waɗanda ba su iya ba. Amarya ta yaye lulluɓi, abin da ba a yi, ta rungume kakarta. Ni kuwa iskar da na tara tun daga famfo na sake ta duka, na yi guɗar da ban taɓa yin irinta ba, hawaye na zuba.

Na zaunar da ita a dakalin ƙofar gida tana haki. Da numfashin ya dawo, ta ce, "Baiwata, an ji a Mushin?"

Na ce, "An ji. Sun aiko a ce a rage musu."

Yanzu tana nan, ɗakinta na kallon nawa. Guɗa ta dawo, amma ba ta yin biyu a rana ɗaya, kuma in hadari ya haɗu ƙirjin yakan tuna mata. Duk lokacin da aka ce an kawo wata allura ta tsofaffi, ita ke fara buga min ƙofa, mayafi a kafaɗa.

Abin da ranar ta koya min ke nan. Ciwo ɗaya ya kama mu, shekarunmu kusan ɗaya, tuwo ɗaya muke ci. Abin da na samu da ciwon dantse na ɗan lokaci, ita sai da ta yi wata da watanni tana kokawa kafin ta ƙwato shi, kuma ba dukansa ya dawo ba. Lafiya ta Allah ce, shi ke bayarwa, shi ke karɓa. Amma in ya kawo maka sanadin kare ta har ƙofar gida, ka miƙa hannu. In kuma naka ya ƙi miƙawa har ciwo ya kayar da shi, kada ka tsaya kana tuna masa laifinsa. Ka kama shi ku bi hanya tare, har ranar da zai kai bakin titi da numfashin kansa.