Gwabar da Ruwa Bai Shanye Ba

Mun tashi daga Yelwa ana idar da sallar asuba, ni da ƙanena, a bayan wata akori-kura mai zuwa kasuwar Wara. Inna ce dalilin tafiyar. Wata uku ke nan abinci bai zauna mata ba, kullum zancenta wata ƙaramar gwabar daji da suke ci suna yara, kafin ruwan Kainji ya shanye ƙauyensu. Mun yi ta kawo mata gwabar lambu tana ture kwanon.

Hanyar Ngaski sai haƙuri. Duk ramin da muka faɗa sai buhun gishiri ya gaishe ni a ƙeya. A Wara muka karya da kunu da soyayyen kifi. Ban taɓa ganin arhar kifi irin tasu ba a duk yankinmu. Na shiga cigiyar gwabar ana yi mini dariya, wai wa zai baro Yelwa don abincin birai? Wani mai kwalekwale ne ya ce ya san wata tsohuwa Bakambara mai ita, ya tsallaka ruwa da mu zuwa wurinta.

Mun same ta tana shanya dawa. A bayan ɗakinta ga gajerun itatuwa masu ganye gashi-gashi, 'ya'yansu ba su kai ƙwan zabo ba. Na gutsuri ɗaya, tsami ya kashe mini haƙora.

"Ranar da aka tashe mu kowa tukwane ya ɗauka, ni irinta na ƙulle a bakin zane," in ji tsohuwar. "Ba ta son taki, ba ta son lele. Ganyen ka dafa wa mai gudawa, 'ya'yan a matse cikin kunu da zuma."

Ta cika mana ƙwarya, ta tono tsiro biyu da ƙasarsu, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Da la'asar muka iso gida. Inna ta sansana, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Ita ta," ta ce. "Wa ad da ita?"

Na siffanta mata tsohuwar. Sai ta hau kiran sunayen mutanen ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya, tana tambaya ko na ga wani. Ban ga kowa ba. Ban ma tambaya ba.

Ran nan ta sha rabin kwanon kunu, na kuma dasa tsiron kusa da rijiya. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ni 'ya'yan itace na je nema, ita kuwa mutanenta take kewa. Da ta samu ƙarfin zama a kwalekwale, ita zan kai.