Zogalen Inna da rariyar gidanmu

A shekarun nan da damina ta yi ta yaudararmu, abu ɗaya na sani wanda in ya salwanta mun shiga uku: irin geron da ke cikin rumbu. Kafin maigidana ya tafi ci-rani birni, da hannunsa ya liƙe bakin rumbun da laka, ya ce ko yunwa za ta kwantar da mu kada a taɓa. Ya bar ni a ƙauyenmu na ƙasar Kunci da yara uku da mahaifiyarsa, wadda duk muke ce wa Inna.

Shi ya yi mana rariya irin ta 'yan birni. Ya taɓa leburanci wajen magina, sai ya kwaso guntayen bututun siminti ya binne tun daga makewayi, suka bi ta gindin rumbu, suka ratsa katanga zuwa kwatami a waje. Ruwan wanka, na wanke-wanke, na sama, duk ta nan suke fita. Da an yi baƙo sai ya kai shi ya gani.

Da bazara ta kama, ruwa ya fara tsayawa. Ka yi wanka ka fito, ruwan na nan yana kallonka. Sai wari, sai ƙudaje. Wannan duk da sauƙi. Ranar da na ga ƙasar gindin rumbu ta yi danshi, ɗaya daga cikin duwatsun da yake zaune a kai ya fara nutsewa, ranar na san abin ya wuce wasa. Rumbun laka ne. In ruwan farko ya sauka rariya na toshe, tsakar gida zai zama tafki, rumbu ya zube da irin a ciki.

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na fara da yara, na ce su suka cusa tsumma a rariyar, na zane babban ba laifin komai. Na tafasa ruwa da toka na kwarara, ko gezau. Daga nan na koma kan matar maƙwabcinmu, na tsaya jikin katanga na zazzaga mata masifa, wai ita ke zuba mana shara a kwatami. Baiwar Allah sai kawai ta ce in leƙa in gani. Na leƙa. Kwatamin a bushe yake ƙayau, ko ɗigo ba ya isa can. Kunya ta rufe ni, amma na gane toshewar a cikin gidanmu take.

Sai na ari doguwar gora na zura ta bakin makewayi har ta ci karo da wani abu ta tsaya. Na ɗaura zare daidai inda ta tsaya, na zaro ta, na shimfiɗa a ƙasa bisa hanyar bututun. Kan gorar ya sauka daidai gindin zogalen Inna.

Inna ce ta dasa shi a shekarar farko ta fari. Nan ne kaɗai wurin da ke da laima a gidan, saboda mahaɗar bututu biyu tana ɗan tsatsafa. Kuma ya biya ta. Lokacin da tuwo ya zama sai jefi-jefi, ganyen nan muke dafawa mu kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, shi ya riƙe yaran. Inna kan ce Allah ya ciyar da jikokinta ta hannun bishiyar nan, kuma gaskiya ta faɗa.

To yaya zan yi? Matar da ko ido ba na iya haɗawa da ita, ko sunanta ban taɓa kamawa ba, in buɗe baki in ce bishiyarki ce za ta kayar mana da rumbu? Na aika aka kira tsohon maginin unguwa, ko shi zai faɗa a madadina. Ya zo ya dubi gorar, ya dubi zogalen, ya dubi ɗakin Inna, ya yi gyaran murya ya ce a jira maigida ya dawo. Wallahi ya sani sarai, tsoro ya ji. Ga hadari kullum da la'asar yana haɗowa ta gabas.

Washegari da hantsi na ɗaura ɗamara na ɗauki fartanya. Na haƙa gindin zogalen har hannuna ya yi kanta, ga ɗoyi kamar in yi amai. Da na ɗaga bututun, saiwoyi ne cunkus a ciki, sun cure kamar gashin da ya shekara bai ga mataji ba. Na zaro su na zuba a kwando, na kai ƙofar ɗakin Inna na ajiye, na durƙusa.

Ta daɗe tana kallon kwandon. Ta tashi ta je ta duba ramin, ta dafa rumbun.

"In an yanke saiwar kaɗai fa?" ta tambaya, ba tare da ta dube ni ba.

"Za ta koma, Inna."

Ta ce in ɗauko tabarma. Mu biyu muka tsige ganyen kaf muka shanya. Sannan ta karɓi gatari. Na miƙa hannu in taya ta, ta ture. Ita ta sare shi, tana yi tana hutawa, ni ina tsaye ina hawaye. Na mayar da bututun, na toshe mahaɗar da ɓaraguzan tukunya da laka, na kafa tsinken kara a bakin rariyar don tare shara.

Kwana uku bayan nan aka sheƙa ruwa. Na tsaya a ƙofar ɗaki ina kallonsa yana bin rariya yana ficewa. Rumbu bai motsa ba. Maigida ya dawo aka fasa lakar, aka yi shuka.

Inna ta ɗauki reshe ɗaya ta dasa a can bayan ɗakinta, inda ƙasa take kamar dutse, nesa da bututu. Ba ta taɓa ta da maganar ba. Sau biyar a rana takan ja butarta ta je can ta yi alwala a gindinsa. Kafin ya yi ganyen da za a tsiga Allah ya karɓi abarsa. Butar tana wurina, kuma har yau a can nake alwala.