Wa Zai Ciyar da Nasiru?

Na daɗe ina gudun wannan labarin. Ko 'yan uwana suka ɗauko shi, sai in ce na bar tukunya a wuta. Amma jiya wata baiwar Allah ta yi tambaya a nan, wace unguwa za ta kama haya a Lafiya da ɗanta mai lalura, kowa na ce mata ta duba ruwa da lantarki. Shi ne na ce bari in buɗe baki.

Wajen 2008 aka mayar da maigidana aiki Lafiya. Ɗanmu Nasiru yana da shekara bakwai, ba ya magana, ba ya son hayaniya. Babbar damuwar ita ce ba ya cin abinci sai a hannuna. Ko ubansa ya miƙa masa, sai ya juya wa bango fuska.

Duk gidan da dillali ya kai mu, da Nasiru nake zuwa, in bi maƙwabta da gaisuwa. Maigida ya ce, "Ke gida muka zo nema ko dangi?" Na ce ya dai bar ni da haukata.

A cikin gari mun ga gida mai kyau kusa da asibiti. Ina shiga maƙwabta gaisuwa, matar gidan ta ja 'ya'yanta ɗaki, kamar na shigo da ƙyanda. A unguwar Akurba kuwa gidan ba fenti, hanyar duk rami. Sai wata dattijuwar maƙwabciya 'yar ƙabilar Eggon, Mama Talatu, ta ajiye taɓaryarta ta durƙusa gaban Nasiru.

"Sannu oga. Kai ba ka gaisuwa? Ba komai, ni zan gaishe ka."

Ranar na ce wa maigida nan za mu zauna. Ya yi mita har muka gama kwashe kaya, wai na zaɓi gaisuwa na bar asibiti.

Duk lissafina a kan ciwon Nasiru yake. Ban taɓa kawo wa raina ni zan kwanta ba.

Da damina zazzaɓi ya fara mini, da ciwon kai. Na sha maganin maleriya na kemis, na ci gaba da wanki. Wata safiya cikina ya ɗaure tamau, ko zani ya taɓa shi sai na yi ƙara. A keke napep aka kai ni asibiti, kowane rami muka faɗa ina jin kamar an soka mini wuƙa, ina tuno mitar maigida.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Hajiya, taifod ne, ya huda hanji. Yau za a yi aiki." Maigida ya fita neman jini, babur ɗinsa ma sai da ya sayar.

Wallahi na ji tsoro. Ana tura ni ɗakin tiyata na riƙe rigar nas ina cewa, "Yarona bai karya ba." Ta ce in yi ta kaina. Ta ina zan yi ta kaina? In na mutu, yaron nan zai zauna da abinci a gabansa har yunwa ta kashe shi, ba zai ma iya cewa yana jin yunwa ba.

Na farka da roba a hanci, ƙarin ruwa a hannu, an hana ni ko kurɓar ruwa. Kullum da safe a wanke ciwo, in ciji filo. Duk wannan bai kai mini ganin fuskar maigida ba. Ina cewa "Ya ci?" sai ya hau gyara mini bargo.

Da na matsa ya faɗa. Ruwa kawai Nasiru ke sha, yana zaune bakin ƙofa, ya fara layi in ya miƙe. Ƙanwata ta zo daga Keffi ta gwada, ya ture kwanon. Na yi yunƙurin cire robar in tafi gida, sai da aka danne ni. Na yi kuka har ɗinkin ya yi mini zafi.

Washegari da yamma maigida ya shigo idonsa jawur. Ya ce, "Ya ci."

Ashe Mama Talatu ce ta shigo ta ce, "Baban Nasiru, ba ni zani na madam, wanda ba a wanke ba." Ta ɗaura, ta zauna a bayan Nasiru, ta zagayo da hannu ta gefen dama da kofin kunun gyaɗa, ba ta ce uffan ba. Haka nake ba shi, ni kaina ban san haka nake yi ba. Ita ta sani, don kullum tana zaune a tsakar gidanmu tana ɓarar gyaɗa tana kallonmu. Ya shinshina zanin, ya buɗe baki.

Na yi makonni kafin a sallame ni, na dawo ina tafiya a duƙe. Na samu Nasiru ya rame, amma yana cin tuwo a hannun Mama Talatu, zanin ma an daina ɗaurawa. Har kishi na ɗan ji, ba zan ɓoye ba.

Alhamdulillah. Na gode wa likitoci da nas ɗin da na kusa yaga wa riga, da maigida da ya yi shekara yana tafiya ofis a ƙasa. Mama Talatu ta rasu, amma har yau ba na iya kiran sunanta ban yi hawaye ba.

Shawarata: zazzaɓin da ya ƙi jin magani, a je a yi gwaji. Uwa mai ɗa irin nawa, tun kina da lafiya ki saba masa da hannu na biyu. Ke kuma 'yar uwa mai neman haya, ki duba ruwa, ki duba nisan asibiti, amma kada ki bar yaron a gida ranar dubawa. Ki riƙo hannunsa ku shiga maƙwabta, ki ga wa zai durƙusa ya gaishe shi.