Kit ɗin da na ce masa yana hanya

Labarin ya same ni da safen nan, ina ɗaura takalmi zan fita aiki. Baba Tijjani na Soron Ɗinki ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai shi ƙarfe sha ɗaya. Yanzu na shigo gida, ko hula ban cire ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, abokin marigayi mahaifina ne, tsohon injiniyan gidan rediyo. Da ya yi ritaya sai ya mai da zauren gidansu wurin aiki. Tebur ɗaya, benci ɗaya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kayan rediyo, kowanne da takardarsa a liƙe. In lasifikar masallacin unguwa ta fara ƙugi, shi ake kira. In rediyon wata tsohuwa ya mutu, a aiko masa, ya gyara, ya mayar har da sabon batir a ciki.

Ba mai yawan fara'a ba ne. In ka kawo masa abin da ka riga ka buɗe ka jagwalgwala, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Wa ya riga ni?"

Bara, da aka raba kayan mahaifinmu, faya-fayan garmahonsa suka faɗo a hannuna, don ba wanda ya so su. Garin neman yadda zan saurare su da kyau na faɗa wani guruf a intanet na masu haɗa kayan sauti da hannunsu. Can na ji labarin preamp mai bawul. Ƙaramar na'ura ce da ke karɓar sauti ta ɗaga shi kafin ya shiga amfilifaya, wadda ke tura shi lasifika, bawul ɗin kuwa wasu 'yan kwalabe ne kamar ƙwan fitila, suna yin ja in sun ɗau zafi. Ana sayar da ita kit, wato a warwatse, kai za ka haɗa. Ni da ko soket ban taɓa canjawa ba, na ce sai na yi.

Na ware guda uku, na kai wa Baba hotunansu a waya.

Ya ture wayar. "Hoton akwati ka kawo min? Je ka bugo min zanen cikinsu a takarda."

Na bugo. Daga azahar har aka kira la'asar yana bin layukan da bakin biro. Da muka dawo daga masallaci ya ɗora yatsa a kan wanda na fi rainawa. Bawul biyu, ba ado, ko akwati ba shi da shi.

Ya ce, "Wannan. Kayansa kaɗan ne, kuma akwai fili tsakaninsu, hannun ɗan koyo zai shiga. An rubuta sunan kowane abu a kan allon. Taransifomarsa ta wutarmu ce, ba ta Amurka ba. Bawul ɗinsa in ya mutu ana samu. Wutar cikinsa ma ba ta kai ta sauran ba, in ka yi kuskure za ka ji jiki, amma za ka zo ka ba ni labari."

Na ce, "To, Baba."

Na koma gida na yi odar babban cikinsu. Bawul huɗu, fuskar alminiyom, da wasu allurai biyu masu rawa in sauti ya tashi. Gaskiya alluran nan ne suka ja ni, ba wani ilimi ba.

Shi kuwa ya ce kafin kaya su iso in riƙa zuwa ina koyon liƙi. Asabar uku na yi a zauren nan ina narka dalma a kan allon wani mataccen rediyo. In an ɗauke wuta sai ya sa ƙarfen liƙin a garwashi, aiki bai tsaya ba. Shi ya koya min cewa kayan bawul suna riƙe wuta ko bayan an kashe su, don haka in za ka taɓa ciki, hannu ɗaya ya zauna a aljihu. Sau nawa yana buge min hannun hagu da biro. A Asabar ta uku ya ba ni tsohon ƙarfen liƙinsa, ya ce in tafi da shi, hannuna ya fara nutsuwa.

Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinsa.

Kayan suka iso bayan sati uku. Na zazzage su a kan tabarma. Ledoji ƙanana sun fi ƙarfin idona, takardar bayani ba zane, taransifoma ta wutar Amurka, ga wani jan gargaɗi a kan wutar da ke ciki. Duk abin da Baba ya lissafa min, ga shi a gabana a juye. Na tattara na mayar a kwali, na ɗora a saman sif.

Ba zan iya haɗa shi ba sai da Baba. Ba kuma zan iya kai masa ba sai na amsa cewa na zaunar da shi tun azahar har la'asar, na ce masa to, na je na yi abin da raina ya so. Wanda ya tashi a cikin gari ya san nauyin wannan.

Sai na daina bin lungunsu. Na koma zagayawa ta titi, ina ce wa kaina hanyar ta fi kyau. Wata biyar.

Matata takan kalli saman sif ta ce, "Rediyon naka har yanzu bai fara magana ba?"

Ganinmu na ƙarshe, Juma'a biyu da suka wuce, a wani ɗaurin aure a Ƙofar Mazugal. Na hango shi da sanda, wadda da ba ya riƙewa. Ina neman hanyar zillewa ya riga ya gan ni. Na durƙusa, ya kama hannuna bai saki ba.

"Auwalu, ka ɓuya."

"Wallahi aiki ne, Baba."

"Kayan sun iso?"

Nan ne wurin da ya kamata in faɗa. Mutane na ta gaisawa a gefenmu, ba mai sauraronmu.

Na ce, "Suna hanya, Baba. An ce sun maƙale."

"Har yanzu? Da sunan wa aka aiko?"

"Da sunana."

"To, kada ka damu. Ba abin da ke lalacewa a ciki. Allah ya kawo su lafiya."

Na ji daɗi da maganar ta tsaya a nan. Har na sayi tsire a hanyar gida.

Yau a maƙabarta, bayan an rufe, ƙaninsa Alhaji Sabo ya miƙe ya roƙi jama'a, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Muka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Har da ni, da ƙarfi ma.

Muna fitowa ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Kai ne Auwalu na Malam Habu?"

Na ce ni ne.

"Yaya ya bar min saƙo a kanka. Sau biyu yana hawa adaidaita da ƙafar nan tasa mai ciwo, yana zuwa ofishin masu kawo kaya daga waje, yana tambayar wani ƙunshi mai sunanka. Suka ce sai da lambar ƙunshin. Ranar Talata a asibiti ya ce in karɓi lambar a wurinka in bi maka, wai kai mai kunya ne, ba za ka iya matsa musu ba. In an kwana biyu ka turo min."

Na tsaya ina kallonsa. A raina na daɗe ina zaton Baba ya gane, yana dai rufa min asiri ne irin na manya. Ashe yarda ya yi.

Ban faɗa wa Alhaji gaskiya a wurin ba. Shi ya sa nake rubutawa a nan, inda ba zan iya janyewa ba. Kayan sun iso tun wata biyar, kuma ba waɗanda ya zaɓa min ba ne. Gobe in Allah ya kai mu zan je zaman makoki in faɗa wa Alhaji Sabo da bakina.

Allah ya jiƙan Baba Tijjani, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa kowane taku da ya yi saboda ni ya zama nauyi a mizaninsa. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In kun gama tasa, ku roƙa min Allah ya sa ya yafe min, don ni ban samu na tambaye shi ba.