Ƙarar da Mai Tafi Bai Ji Ba

Mijina ba ya shiga ɗaki sai ya yi tafi. Sau ɗaya, da ƙarfi, sannan ya karkata kai ya saurara. Ya yi a asibiti ranar da na haifi 'yarmu ta fari, har nas ta kore shi. Ya yi a falon yayata da muka je ganin sabon gidanta, ya ce mata labulenta sun yi kauri, suna shanye magana. Sai da ta yi wata huɗu ba ta sake gayyatarmu ba. Abokan sana'arsa Mai Tafi suke ce masa, wasunsu ma ba su san yana da wani sunan ba.

Haɗa kayan sauti ne aikinsa. Shekara ashirin da shida yana kan tsani, kansa cikin silin, yana jan waya, yana rataye lasifika a ɗakunan taro da makarantu. A cewarsa kowane ɗaki da irin amsar da yake bayarwa, tafi ɗaya ya isa ya gaya masa inda lasifika za ta zauna. 'Yan bana-bakwai na sana'ar suna yawo da na'urar auna sauti, shi kuwa ya ce wanda Allah ya ba kunne biyu me zai yi da abu mai batir. Kuma in faɗi gaskiya, ban taɓa jin an dawo masa da aiki ba. Sai dai zama da shi ma wani aikin ne. Ba ya minti biyar a kujera ɗaya. Yana cikin cin abinci zai miƙe ya je ya matsar da rediyo taku ɗaya, ya dawo, ya sake miƙewa ya mayar da ita inda take.

Shekara biyu da suka wuce na fara lura. Butar shayi za ta yi ta fito a kicin yana tsaye kusa da ita bai waiwaya ba. Ƙarar talabijin da muke bari a sha biyu ta koma ashirin da biyar. In autarmu ta yi masa magana ta hagunsa da siririyar muryarta, sai ya ce yaran yanzu ba sa buɗe baki. Muryar maza da ƙarar mota yana ji ras, siririn sauti ne ya fara guje masa. Na ji tsoro ƙwarai, amma na ja bakina na yi shiru, don na san mutumin da nake aure. Abin da na yi kawai, na koma zama ta damansa.

Ana nan ya samu aiki mafi girma a rayuwarsa, wani sabon gidan wasa inda ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan doguwar hanyar katako mai santsi, ta je ta zubar da wasu sanduna goma masu kama da kwalabe. Hanya sha shida, kowacce da allon talabijin a samanta mai nuna maki, ga lasifika arba'in, ga makirufo na sanarwa. Sati uku ban ga mijina da rana ba. Ya gama, ya yi tafinsa a kowace kusurwa, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar ango.

Washegari aka kunna injinan da ke can ƙarshen hanyoyin, waɗanda suke kwashe sandunan su sake jera su. Kafin azahar Manajar wurin ta kira shi. Matar ba ta da wasa, ina jiyo muryarta daga inda nake.

"Malam, akwai wata ƙara a lasifikokin gefen hagu. Ma'aikatana har ciwon kai suke yi."

Ya je, ya dawo ya ce babu komai. Ya sake komawa, ya canja wayar makirufo don dai a zauna lafiya. Karo na uku ya ce kunnensu ne ke ƙaiƙayi. A nan ne Manaja ta ce ranar Asabar za su buɗe, in Alhamis ta yi ƙarar tana nan za ta kira wasu su duba aikin. A sana'arsu kuwa labari ba ya kwana. Duk wanda aka kira zai ji ƙarar tun daga bakin ƙofa, kafin yamma kowa ya san Mai Tafi ya tsaya a ƙarƙashinta sau uku bai ji ba. Daga ranar babu mai sake ba shi ko rediyon makaranta ya rataye.

Ranar Laraba da safe ya yi ta safa da marwa tsakanin falo da tsakar gida kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ya buɗe akwatin kayan aiki ya rufe. Ya ɗauki mukulli ya ajiye. Na gaji da kallonsa, na ɗauko jakata.

"Ina kuma za ki, Maman Auta?"

"Zan je in ga wurin da ya ƙwace min miji sati uku. Ko an hana mata shiga?"

Ya harare ni, amma ya buɗe min ƙofar mota.

Wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Katakon yana sheƙi, allunan a jere, babu wayar da ke reto ko ɗaya. Amma tun kafin in gama kallo na ji ta. Wata ƙara ce siririya, irin ta sauron da ya samu kunnenka ya ƙi tafiya, har cikin haƙorana nake jinta. Matar da ke goge ƙasa ta toshe kunnuwanta da auduga. Manaja tana tsaye can nesa ta harɗe hannu. Shi kuwa gogan naka ya je ya tsaya daidai ƙarƙashin lasifikar hanya ta sha huɗu, ya ware hannu.

"To ke ma ga ki ga wurin. Don Allah kin ji wani abu?"

Ya tambaye ni ne da fuskar wanda ya tabbata matarsa za ta goya masa baya. Raina ya ɓaci, da shi da taurin kansa, da ni kaina da na yi shekara biyu ina lallaɓa shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na matsa ta damansa, na yi ƙasa da murya yadda Manaja ba za ta ji ba.

"Baban yara, ƙarar tana nan. A saman kanka take."

Ya ɗaga kai ya kalli lasifikar, ya daɗe yana kallonta. Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya tsaya cak haka ba, ko yatsa bai motsa ba. Na ɗauka zai hau dokin zuciya ya fice ya bar ni a wurin. Sai ya ce, "Yaya take?"

"Siririya. Ba ta yankewa."

"In injin can ya motsa, tana ƙaruwa?"

Na saurara. Injin ya sauko ya kwashe sandunan, ƙarar ta ɗan yi sama.

"Tana ƙaruwa."

Nan take mutumin ya dawo. Ya ce in tsaya inda nake, in ɗaga hannu, kada in sauke sai ƙarar ta ɗauke. Ya jawo tsani ya shige silin. Ni da na zo kallo, ga ni tsaye tsakiyar gidan wasa hannu a sama kamar ɗalibar da ke neman izinin fita. Yana zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana leƙowa ta ramin silin, ƙura duk ta yi masa fari a gira. Hannuna ya yi tsami, na canja ɗayan. Ya sauko, ya matsar da tsanin, ya sake hawa. Mai goge-goge ta jingine sandarta tana kallonmu.

A hawa na biyar ƙarar ta ɗauke ɗif. Na sauke hannu.

Ashe masu haɗa injinan ne da suka zo bayansa suka bi da wayar wutarsu ta hanyar da ya bi da tasa, suka ɗaure su tare tsawon taku goma. Ya raba su, ya ja tasa gefe, aikin da bai kai rabin awa ba. Mai goge-goge ta zare audugar kunnenta ta ce, "Alhamdu lillahi, kaina ya huta." Manaja ta zo ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce, "Malam, ashe dai da gaske ake faɗar kunnenka." Ya ce mata na gode, bai kalle ta ba.

A mota ya sa mukulli amma bai tayar ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara biyu."

"Shi ya sa kika bar kujerarki ta falo? Ni da na ɗauka iskar fanka kike gudu."

Na so in mayar masa da baƙar magana kamar yadda na saba, amma ya riga ni. Ya fito da wayarsa ya miƙo min, ya ce in nemo masa lambar likitan kunne, don ya san ba zan rasa ta ba. Tana nan kuwa, na daɗe ina ɓoye ta cikin jakata, a takardar da ta fara yagewa saboda ninki.

Kafin mu tafi ya ce ya manta wani abu a ciki, in raka shi. Muka koma. Ya tsaya tsakiyar wurin, ya yi tafinsa guda ɗaya. Bai karkata kai ba wannan karon. Ni ya juyo ya kalla.

"Maman Auta, me ɗakin ya ce?"