Ahone, Wutsiyar Ayari

Kafin hantsi ya ɗaga, Mami Ahone Metuge ta riga ta ɗaura zane a kan wando, ta zura takalmin roba, ta ƙunshe gasasshiyar ayaba da gwaza a ganye, ta ɗauki sandarta ta nufi gindin dutse. Nan motocin baƙi ke tsayawa, masu son a hau da su su ga tafkin da ke can ƙoli. Da goyon ɗanta na fari ta fara wannan aiki, yau ga jikokinta a makaranta.

Sauran masu jagora gaba suke shiga. Ita baya take bi, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi kowa haki, shi ya sa samarin ƙungiyar masu jagora suka laƙaba mata Wutsiya. Doka ɗaya gare ta, kuma ba ita ta ƙirƙiro ba. A wurinmu tafki mai gida ne, ba a kuwa shiga gidan mutum a bar abokin tafiya a waje. Don haka duk wanda ya riga isa mashigin ƙarshe, inda hanya ta tsuke tsakanin dutse da rami, sai ya zauna ya jira na baya. Matsalar ita ce da rana ta take, hazo kan taso ya rufe ruwan, masu sauri kuwa hoto suka zo ɗauka.

Masu sayar da zuma a gindin dutse sun sha ganinta ta sauko da jakar wani a ka, mai jakar na dafe da kafaɗarta. Matan Fulanin da ke kiwo a sama sun san muryarta tana lallashin ƙato kamar mai yaye. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a ko'ina.

A daminar bara wani mai kamfani ya zo daga birnin Duwala da ma'aikatansa. Saboda girman baƙon, shugaban ƙungiya Ekane ya shiga gaba da kansa, Ekanen da Mami ta koya wa hanyar nan. A cikin ayarin akwai Pa Ewane, tsohon mai gadin kamfanin. A kwarin nan aka haife shi, aka tafi da shi birni yana ƙarami, bai taɓa ganin tafkin kakanninsa ba. Ƙirjinsa na kuka, yana tafiya yana hutawa.

Da Mami ta hango na gaba sun ƙara sauri, ta gane ba su da niyyar jira. Ta miƙa wa tsohon sandarta, ta haɗa shi da direban kamfanin, ta yanke ta hanyar shanu. Su Ekane na isowa mashigin suka tarar da ita zaune a tsakiya, ta miƙe ƙafa tana ɓare gwaza.

"Mami, tashi mana, hazo na tahowa," in ji Ekane.

"Na gan shi, ɗana. Ai ba ni na kira shi ba."

Mai kamfanin ya duba agogo. "Baiwar Allah, saboda mai gadi za ki hana ni abin da na zo gani?"

"Ranka ya daɗe, shi da ya tsare maka ƙofa har ya yi furfura, zaman nan kaɗan ne zai gagare ka? Ga ayaba, ɗan taɓa."

Ekane ya sunkuya ya rage murya. "Kada ki kunyata ni. In ba ki tashi ba, lambarki ta jagora zan karɓa."

"To tsallake ni. Ka san ban taɓa hana ka ba tun kana zamewa a wannan gangaren da gajeren wando."

Bai iya ba. Babu ɗan ƙauyenmu da zai tsallake ƙafar uwa.

Ko da Pa Ewane ya iso, hazo ya rufe komai. Babu wanda ya ga tafki ran nan, ko shi kansa. Mai kamfani ya juya yana ta faɗa, Ekane ya miƙa hannu, Mami ta cire lambar daga wuyanta ta ba shi ba tare da ta dube shi ba. Sannan ta kama hannun tsohon ta gangara da shi cikin farin hazon har bakin ruwa. Direban ya ba mu labari cewa Pa Ewane ya durƙusa ya wanke fuska, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya yi kuka mai isarsa.

Ƙungiya ta ce ta yi ritaya. Ƙarya ne, korar ta aka yi, ba taro, ba ko godiya, kuma har yau abin na ci mini rai. Ke ce kika zauna a hanya lokacin da maza suka sunkuyar da kai, Mami. Ke ce wutsiyar da ta fi kan ayari mutunci. Sun ce kin hana babban baƙo kallo, mu kuwa mun ce gwamma haka.

Washegari aka gan ta a gindin dutse da ƙunshin ayabarta. Ekane ya ce ba ta da izinin yi wa kowa jagora.

"Wa ya ce jagora zan yi? Baya zan bi. Ko shi ma sai da lamba?"

Tun ran nan haka take. Samari su kwashi ayari su yi sama da gudu, ita ta tsinci wanda suka yar a hanya.

Mun gode, Mami Ahone. Allah ya ƙara wa gwiwoyin nan ƙarfi. Ku kuma masu sauri, a dutse ne ko a gari, kafin ku shiga mashigi ku waiwaya. Akwai mai haki a bayanku, kuma tsohuwar da ke riƙe da hannunsa ta fara gajiya.